Haƙora a Cikin Kofi

Da safe aka tarar da takarda manne a ƙofar shagon katifu. Mai shagon aka zana da baƙar tawada, baki wangame ba haƙori ko ɗaya, haƙoran na cikin kofi suna dariya. Ya kai ƙara an ɓata masa suna, aka kama mai zanen barkwancin da ke haya a saman shagon.

Sufeton 'yan sanda ta same shi tsare a bayan kanta, a ɗakin da ko ƙafa ba ta miƙuwa.

"Kai ka zana?"

"Ranki ya daɗe, duba ƙarƙashin tawadar, akwai fensir. Ni ba na fara zane da fensir. In na tsoma alƙalami, sau ɗaya nake jan layi. In ya karkace, ya zama hancin mutum ke nan."

"Ka taɓa ganinsa ba haƙora?"

"Au, na roba ne? Kash, da na sani..." Ya kama bakinsa.

Ta tuhumi maigadin shagon. Hannunsa rawa yake, ko sa hannu da ƙyar ya yi. Wannan ba zai iya zane ba. Ta cire shi daga zargi, ta koma kan mai shagon.

"Wa ya san haƙoranka na roba ne?"

"Ba kowa! A ɗaki nake cirewa."

"Wa ke kawo maka kofin?"

"Babban ɗana, tunda uwarsa ta rasu."

Ɗan yana ƙuryar shago, katifu sun kewaye shi har rufi. Ya haura talatin.

"Mai barkwanci abin da ya gani yake zuguiguitawa," in ji Sufeto. "Mai zanen da ke sama bai taɓa ganin bakin babanka ba haƙora ba. Kai kullum kana gani."

Ya sunkuyar da kai. "Makarantar zane ta ɗauke ni, Baba ya ce wa zai tsare shago? Na zaci in ya gane ni ne zai kore ni, in huta. Da aka kama bawan Allah, bakina ya mutu."

Uban, da ke tsaye yana ji, ya juya wajen Sufeto.

"Maganar gida ce, Sufeto. Na janye, a saki mutumin."

"Baba, ni fa?"

"Kai me? Ga mai saye can yana jira."

Ɗan ya tashi, ya saɓa katifa a kafaɗa.