Kilo Saba'in na Injiniya

Timm! Ƙarar da maƙwabta suka ji ke nan da hantsin ranar, har wasu suka zaci buhu ne ya faɗo daga kan kabad. Ba buhu ba ne. Injiniya ne, mai gidan, shimfiɗe a kan siminti tsakanin gado da kekensa na guragu, matarsa Tsinke durƙushe a kansa tana rusa kuka.

"Haba Tsinke, ni na faɗi, ke kike kuka?" ya ce yana nishi. "Duba min simintin tukuna, ko ya ji ciwo."

Injiniya dai ba injiniya ba ne, mai gyaran wutar lantarki ne, 'yan unguwa ne suka ba shi digirin kyauta. Wata bakwai da suka wuce tsani ya zame da shi, tun daga ranar ƙafafunsa suka daina amsa kira. Sunan Tsinke kuwa shi ya raɗa mata, don ya ce in iska ta taso sai ta riƙe ƙofa. A da, ƙanensa ke zuwa safe da yamma ya ɗaga shi zuwa keke, to an yi wa ƙanen canjin wurin aiki zuwa nesa. Yau ce rana ta farko da Tsinke ta gwada da kanta.

Kuma yau ɗin ce Allah ya jefo Yaya, babbar yayar Injiniya, wadda ko sallamarta kamar sammaci take.

"Innalillahi! Kashe min shi za ki yi?"

Sai da aka kira maza biyu daga waje aka mayar da shi gado. Yaya ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ki saurare ni da kyau. Ana gyara masa ɗaki a gidana, wata biyu za a gama. Can akwai maza majiya ƙarfi. Ke kuma sai ki koma gidanku, dama ba haihuwa tsakaninku. Mun yi magana da Ummanki."

"Yaya, mijina ne fa..."

"Mijinki? To ɗaga shi mu gani!"

Tsinke ta sunkuyar da kai. Da ta kira Ummanta a waya tana neman mai lallashi, abin da ta ji ya fi na Yaya ciwo, don a hankali aka faɗa. "'Yar nan, ba ƙin yaron nake ba. Amma shekararki ashirin da shida. Za ki karya bayanki, ku zama biyu a kwance, wa zai ɗaga wani? Ki dawo gida."

Likitar da ke gasa wa Injiniya ƙafa a asibiti ce ta ba ta labarin jim, wato gidan motsa jiki, da ke bayan kasuwa, inda ake ware wa mata awa biyu da safe. Washegari ta ɗora masa waya a ƙirji, ta ajiye ruwa inda hannunsa zai kai, ta ce za ta je ta dawo. Ba ta faɗi ko ina ba.

Wurin duk madubi da warin roba, ga injina jere kamar masu jiran gaisuwa. Kowane da tarin farantan ƙarfe a gefensa, da 'yar ƙusa da ake cusawa a ramin nauyin da mutum yake so. Koci mai horar da matan, wata mata kakkaura mai damtse kamar turmi, ta tare ta.

"Rage ƙiba kika zo yi, ko wasa nake gani?"

"Kilo saba'in nake so in ɗaga, Anti."

Ba ta jira amsa ba. Ta nufi injin da ake jawo sanda daga sama, ta cusa ƙusar a ramin saba'in, ta kama sandar ta ja. Wallahi ko gezau! Ta ƙara ja har ƙafafunta suka bar ƙasa, ta tsaya tana lilo kamar rigar da aka shanya. Matan wurin suka tuntsure da dariya. Ita kuwa da ta sauko sai hawaye.

Koci ta zare ƙusar, ta mayar da ita rami na farko. "Kilo biyar. Sau goma, ki huta, sau uku. In kina ja ki saki numfashi, kuma kada ki saki farantin ya buga, a hankali ake mayar da shi. Gobe ki huta, jibi ki dawo."

"Biyar? Anti, ba ni da lokaci!"

"Jikinki bai san wannan ba."

Sati biyu tana zuwa, ƙusa ta sauka rami ɗaya tak. Ta lissafa a zuci, ta ga a haka sai Injiniya ya yi furfura a gidan Yaya. Don haka rannan, da Koci ta juya baya, ta yi wuf ta cusa ƙusar a talatin da biyar, ta fizgo da dukkan haushinta. Wani abu ya ce ƙas a kafaɗarta ta dama.

Kwana huɗu ko juya shi a gado ba ta iya yi, sai maƙwabciya ta shigo ta kama mata. A rana ta biyar Yaya ta zo, ta ɗaga labule ta ga takalman motsa jiki a bayan ƙofa. Dama an riga an kai mata rahoto.

"Ka gani ko? Kana nan kwance, ita tana can gaban madubi tana gyara ƙira! Tun ba ka mutu ba an fara neman magajinka. Su jim manya!"

Bayan ta tafi, Injiniya ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Tsinke, miƙo min biro da takarda."

"Ka yarda da ita?"

"Na yarda da kafaɗarki. Kin zaci ban san inda kike zuwa ba? Mace ta dawo daga kasuwa kullum ba cefane, sai tafiya kamar agwagwa?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ni na riga na zama kaya. Ba zan so ki nakasa a kaina ba. Gara in sallame ki tun kina da sauran ƙarfi."

Ta ɗauki biron, ta taka kujera, ta ɗora shi can saman kabad.

"Ga shi nan. Duk ranar da ka tashi ka ɗauko, ka rubuta."

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da likita ya faɗa musu gaskiya. Ta zauna a bakin gado suka yi ta yi tare, ba mai lallashin wani.

Da kafaɗa ta lafa, ta koma ta zayyana wa Koci komai. Koci ta dafe kai.

"Mutum za ki ɗaga, shi ne kika manne wa injin hannu? Da cinya da ƙugu ake ɗaga mutum, 'yar uwa, hannu riƙo kawai yake yi. Zo nan." Ta zaunar da ita a injin da ake tura faranti da ƙafa, ta gyara mata kujera. "Baya a manne, kada ki miƙe gwiwa gaba ɗaya. Shi kuma hannuwansa na aiki?"

"Suna yi."

"Da kika ɗaga shi, me ya yi da su?"

Sai yanzu Tsinke ta tuna. Ya rufe fuskarsa da su ne, don kunya.

Koci ta ba ta wata igiyar roba mai tauri ta ce ta ɗaura masa a kan gado, ya riƙa ja. Ta ce kuma su koma wurin likitar ta nuna musu yadda ake riƙon. Da farko Injiniya ya ce shi ba ɗan akuya ba ne da za a ɗaure masa igiya. Daga baya in ta dawo sai ta same shi sharkaf da gumi, yana cewa, "Yau rami na nawa, Madam Ƙarfe?"

Amma ƙusa ba ta san tausayi ba. Ranar da wata biyu suka cika tana ramin arba'in ne, a injin ƙafa ma. Tsinke ta daɗe tana kallon ramin saba'in can ƙasa, ta sa takalmanta a leda ta tafi gida kamar mai raka gawa.

Ta tarar da mota a ƙofar gida. Yaya ta zo da mijinta, Umma ma ta zo da jakar da za a zuba kayan Tsinke. Mijin Yaya ya naɗe hannun riga zai shiga.

"Dakata, Yallaɓai," in ji Injiniya. "Matata za ta kai ni keke. In ta yar da ni, ku kwashe mu tare."

Tsinke ta matso ta raɗa masa, "Arba'in fa na kai."

"Talatin ɗin nawa ne," ya ce.

Ta kulle birkin keken, ta zaunar da shi a bakin gado, ta tokare gwiwoyinsa da nata. Ta lanƙwasa ƙafa, baya a miƙe, ta kama bel ɗin ƙugunsa. Wannan karon bai rufe fuska ba, idonsa cikin nata, hannu ɗaya a kan katifa, ɗaya a hannun keke.

"Ɗaya... biyu... uku!"

Ta saki numfashi ta tura ƙasa da ƙafafunta, shi ma ya tura, suka juya, ta sauke shi a hankali kamar yadda ake mayar da faranti. Ba ƙara ko kaɗan.

Umma ta saki jakar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Yaya ta kalli ƙanenta, ta kalli siririyar yarinyar.

"Yaya," in ji Injiniya, "ɗakin da kika gyara, ki sa kaji."

"Ka ji ɗan banza," ta ce. Ta juya ta fita, a bakin ƙofa ta sunkuya ta jera takalman Tsinke da suka zube daga leda.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Injiniya bai ƙara taka ƙasa ba. Biron yana nan saman kabad ya sha ƙura. Tsinke kuma har yau ba ta kai ramin saba'in ba, ta ma daina kallonsa.

To ku matasa masu cewa kuna son juna, ku riƙe wannan. Wanda ya fizgi nauyi don gaggawa kafaɗarsa zai rasa, a rami na farko ake farawa, a yi haƙuri da shi. Kuma in matarka ta sunkuya za ta ɗauke ka, kada ka rufe fuska ka bar mata kayan ita kaɗai. Sa hannu ka tura.