Koren Ɗigo Biyu

"Miƙo hannunka," in ji Mala.

Gambo ya miƙa. Su uku ne a kwalekwalen. Bala yana tuƙi da gora daga baya, Mala shugabansu yana tsakiya da bindiga a kan cinya, Gambo a gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa. Damina ta cika fadama, ruwa ya shanye gonaki har gindin ganuwar da ta tare shi daga garin Haɗejiya. Daga nesa ana jiyo kiran magariba.

Mala ya kwance agogon hannunsa, ya ɗaura wa Gambo, ya ja maɗaurin har ya kama fata.

"Direban da zai kwashe mu da kayan ya ce takwas da rabi zai bar hanyar Guri, ko da mu ko ba mu. Kai ne mai gyaran agogo. Kai za ka riƙe mana lokaci."

"Oga, ai a hannunka ya fi kyau."

"Kyau na fito nema?"

Abin da Gambo bai taɓa sani ba shi ne Mala bai iya duba agogo ba. Shekara da shekaru yana ɗaga hannu ya ƙura masa ido, ya gyaɗa kai kamar alƙali, sannan ya saci kallon rana. Yau babu rana, kuma direba ba ya jiran ado.

Gambo ya dubi hannunsa. Tsinkayen agogon sun fara ba da koren haske. Shi da kansa ya shanya shi a rana yini guda don ya yi wannan hasken. Ya yi aiki mai kyau. Bai taɓa ƙin aikin hannunsa kamar yau ba.

Gambo ba ɗan fashi ba ne, a faɗarsa. Teburin gyaran agogo gare shi a kasuwar Haɗejiya, kusa da teloli. Mutum in yana jiran gyara bakinsa ba ya zama shiru: wa ya sayar da shinkafa, wa ya yi tafiya, gidan wa ba kare. Gambo yana saurare, Mala yana sayen abin da ya ji. Da fari hira ce a teburin mai shayi. Kafin ya farga ta zama igiya.

Kafin shi, Isa mai wankin mota ne kunnen Mala. Isa ya ce ya tuba, zai koma gona. Mala ya rungume shi, ya sa masa albarka. Bayan mako masunta suka jawo shi a koma wajen Baturiya. Tun ranar Gambo bai ƙara cin kifi ba, kuma ya gane ƙofar fita daga hannun Mala ɗaya ce: wani ya mutu. Ya fi son mai mutuwar ya zama Mala ne.

Sai Allah ya kawo masa Baba Istifanus.

Istifanus mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon soja, ya zauna a Haɗejiya har 'ya'yansa suka tashi da harshen garin. Ƙungiyar manoman rani ta ba shi ajiyar injinan ban ruwanta, da damina duk suna ɗakin bayan gidansa, a ƙarshen gari. Yana da bindigar harbin agwagin ruwa mai baki ɗaya, da lasisinta. Yana kuma da dundumi. Da rana ta faɗi, idonsa ya tashi aiki.

Tun da rani ya zo teburin Gambo da mataccen agogon tebur.

"Baba, wannan ya riga mu gidan gaskiya."

"Ba gyara na kawo ba. Ciro mini tsinken nan mai haske."

Gambo ya ciro, ya yanko ɗan guntu kamar ƙwayar gero. Da yamma ya bi shi gida, ya manna shi da gam a kan ƙullutun saitin da ke bakin bindigar, ta gefen da ke kallon mai harbi.

"A duhu ba na ganin bakin bindigata," in ji Istifanus. "Yanzu ko ba komai na san inda ta dosa."

"Tocila fa, Baba?"

"Mai tocila shi ake fara harbi. Na ga wannan a yaƙi."

"Amma sai kana shanya ta. Abin nan rana yake sha ya amayar da dare."

Daga nan kullum da hantsi ana ganin bindigar Istifanus jingine a tsakar gida kamar tsohuwa mai sanyin ƙashi. Maƙwabta suka samu abin dariya. Matarsa Dibora ita ta fi kowa.

"Baban Ladi, to ka ga bakin bindiga. Wanda ke gabanta fa, shi ma gam za mu manna masa?"

Gambo yana wurin lokacin da ta faɗa. Ya yi dariya tare da kowa. Maganar ta kwana a kansa wata da watanni.

Da Mala ya ce injinan yake so, ya kuma miƙo agogonsa a canja masa gilashi, Gambo ya ga hanya. Ranar Laraba ya tare Istifanus a bakin rumfar nama.

"Baba, gobe kada ka bar bindigarka a inuwa."

Tsohon ya dube shi.

"Bayan magariba, in ka ga kore irin naka yana tafiya a tsakar gidanka, ba ƙwaron nan mai wuta a gindi ba ne."

"Wa ya aiko ka?"

"Tsoro, Baba."

"Zo mu je wurin 'yan sanda tare."

"Isa ma ya yi niyyar zuwa."

Dibora ce ta je wurin 'yan sanda. Sufeto Shu'ibu ya saurare ta da kyau, domin mutum ne mai hankali. Ya ce inji nauyi gare shi, ɓarawon inji da mota yake zuwa, mota kuwa hanya take bi. Ya ɗauki mutanensa ya tsare gada. Lissafinsa ba kuskure ko ɗaya, in ban da cewa Mala a bakin ruwa aka haife shi.

A gidan Istifanus an kashe fitila tun kafin duhu ya gama sauka. Yana zaune a kan turmi daga cikin ƙofar ɗaki, bindiga a kafaɗa, kunci a jikin katakonta. Gabansa baƙi ƙirin, sai ɗigon kore ɗaya yana rawa.

"Maman Ladi, na ce ki tafi gidan Fasto."

"In bar makaho da bindiga? Kunna fitila ko ka ga wani abu."

"Bari ido ya saba da duhu."

"Idon da ba ya gani, da me zai saba?"

Istifanus ya gyara riƙon bindigar. Injinan nan amana ce ta mutanen da suka yarda da shi alhali ba coci ɗaya suke zuwa ba, ba masallaci ɗaya ba. In aka kwashe su, rani mai zuwa babu tumatir, babu alkama, kuma ya san abin da za a ce: baƙo ne, da shi aka haɗa baki.

"Ka yi mini alkawari ɗaya," in ji Dibora. "Ka tambaya kafin ka harba. Akuyar maƙwabciyarmu Gumsu tana tsallako katangar nan."

"Akuya ba ta ɗaura agogo."

"Ka dai tambaya."

Kwalekwale ya daki laka a gindin ganuwa. Mala ya sauka.

"Bala, ka zauna nan. Ka motsa, na san gidan uwarka. Mai agogo, wuce gaba."

Gambo ya yi kamar santsi ya kwashe shi. Ya dafa ƙasa, ya damƙo laka, ya shafe fuskar agogon. Koren ya mutu. Ya ja numfashi na farko tun da suka baro tsallake.

Ya so ya kwance shi ya jefar. Amma bakin bindigar Mala yana taɓa ƙashin bayansa, kuma Mala mutum ne mai tambayar dalili sau ɗaya.

Suka bi ta bayan gidaje. An ɗauke wuta, unguwa duhu. Maza suna masallaci suna jiran isha'i. Katangar Istifanus ta ƙasa ce, ruwan sama ya cinye kanta.

"Haura."

"Oga, tsohon nan yana da ƙarfe fa."

"Kai ka ce ba ya gani."

"Ba ya gani."

"To ƙarfen makaho sanda ce. Haura."

Ya haura. Mala ya diro bayansa ba ƙara. Tsakar gida shiru. Ƙamshin tuwon da ba a ci ba. Ɗakin injina yana hannun dama, da kwado. Ƙofar ɗakin kwana tana hagu, a buɗe, baki wuluk. Gambo ya san abin da ke cikin wannan baƙin.

Dabara ta rushe. Tsohon ba zai ga komai ba. Za su kwashe injinan. In Dibora ta yi tari, Mala zai harbe ta. Gobe ko jibi labari zai fito cewa 'yan sanda sun kwana a gada, Mala zai zauna ya yi tunanin wa ya san ranar. Ba zai daɗe yana tunani ba.

Mala ya matso, numfashinsa a kunnen Gambo.

"Ƙarfe nawa?"

"Da saura, Oga."

"Na ce ƙarfe nawa. Ina hasken?"

"Laka ce ta..."

"Goge."

Gambo ya dubi ƙofar. Ya dubi inda muryar Mala take. Ya dubi hannun da agogon ke ɗaure, na hagu ne. Da shi yake riƙe agogo in yana gyara, tun yana yaro.

Ya goge gilashin da babban yatsa. Ya ja jikinsa gefe, ya miƙe hannun iya tsawonsa, ya ɗora shi a kan ƙirjin Mala, fuskar agogon tana kallon ƙofa.

"Duba da kanka, Oga."

A cikin ɗaki, Istifanus ya ga ɗigo na biyu ya bayyana. Ya tsaya cak, daidai tsayin ƙirjin mutum. Ya ɗauko nasa ɗigon a hankali, ya kai shi.

"Waye nan?"

Mala ya juya bindiga wajen muryar.

"Baban Ladi!"

Ƙara ɗaya! Wuta ta haska tsakar gidan, ta ɗauke. Mala ya buga da katanga. Bindigarsa ta tashi sama, ta huda kwanon rufi. Karnuka suka ɗauka. Masallaci ya watse.

"Ɓarayi! Gidan Soja!"

Bala ya ji harbi biyu, ya tuna da gidan uwarsa, ya ga uwar ba za ta so ya mutu a laka ba. Ya cire gora ya fece. A duhu ya ɓata hanyar ruwa, ya kutsa cikin kacalla, ciyawar ta riƙe kwalekwalen gaba da baya. Da safe masunta suka same shi sauro ya kumbura masa fuska, yana roƙon a kai shi wurin hukuma. Direban kuwa ya cika alkawari, takwas da rabi ya tashi.

Sufeto Shu'ibu ya iso daga gada da gudu, ya tarar an kunna fitila. Mala ya riga ya cika. Gambo yana kwance, Dibora ta ɗaure masa dantse da ɗankwalinta, tana dannawa da gwiwa, tana zagin mijinta da yarensu. Istifanus yana zaune a kan turmi, bai ajiye bindigar ba, yana tambayar kowa abu ɗaya: "Wa na samu?"

A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. Agogon kuwa gilashinsa kawai ya fashe.

Kotun fashi ta zauna da rani, lokacin da injinan ke ta ruri a fadama. Bala ya zayyano duk gidan da Gambo ya taɓa nunawa, bai manta ko ɗaya ba. A ɗaya daga cikinsu an kashe mai gida, kuma matarsa tana zaune a benci na biyu. Istifanus ya sa tsohuwar rigarsa ta soja ya ba da shaida cewa yaron nan ne ya gargaɗe shi. Shaidar ta cire Gambo daga bakin durom, inda ake ɗaure 'yan fashi a harbe su. Ba ta cire shi daga ɗaurin rai da rai ba. Bala aka ɗaure a durom.

Bayan wata biyu Istifanus ya je gidan yari, da rana tsaka, lokacin da idonsa ke aiki. Ya kai sabulu da ƙuli-ƙuli. Ya daɗe yana kallon hannun rigar da aka naɗe aka soke da fil.

"Na kankare abin nan daga bindigar," ya ce. "Maman Ladi ta jefa shi a masai."

"Ai da ka bar shi, Baba. Gam ɗin mai kyau ne."

"Kana cin abinci?"

"Har kifi."

Tsohon ya murza hularsa a hannu.

"Ɗana, na tambaya kafin in harba. Amma ban gan ka ba. Ko kaɗan ban gan ka ba."

"Na sani, Baba," in ji Gambo. "Ai shi ya sa na zaɓe ka."