Juma'ar Masaƙar Ashafa

Liman bai hau mumbari ba tukuna suka shiga masaƙar Ashafa.

Nazeer ne a gaba, bindiga a ƙugu, shi ne oga. Fa'izu direba ya shigo da a-kori-kura da baya ta inda katanga ta zube, ya bar inji a kunne. Na ƙarshensu Gidaɗo, wanda ya girme su nesa ba kusa ba, ya naɗe fuska da rawani, ido kaɗai ake gani.

"Tsoho, ina wajen?" in ji Nazeer.

"Biyo ni. Kada ka taka inda ban taka ba."

Gidaɗo bai so ya kalli komai ba, amma idonsa ya ƙi. Ga injinan saƙa nan a jere kamar yadda ya bar su, tsatsa ta cinye su, kashin tattabaru ya yi musu farin lulluɓi. Kwanon rufi ya yaye, rana na zubowa ta ramuka. A nan ya shiga aiki yana saurayi, lokacin da jiniyar masaƙar ke tashin mutanen Ƙofar Mazugal kafin ladan ya gama gyara murya. Bargon Ashafa har Agadas ake kai shi. In 'yan safe suka tashi, titi cika yake da kekuna, masu ƙosai da masu fura su yi ta ciniki. A nan kuma inji ya datse masa yatsu biyu na hannun dama. Aka ɗaure masa hannu, aka ce ya yi haƙuri. Da wuta ta daina zuwa, kayan waje suka cika kasuwa, wata safiya suka zo suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Alhaji Ashafa ya tafi Umara, ko sallama bai yi musu ba.

Tun daga ranar Gidaɗo ke dako a kasuwar ƙarfe. A can ya ji cewa magadan Alhaji sun sa an kwance jar wayar da ke cikin injinan, an tara a ɗakin ajiya ana jiran mai saye. Shi ya kai wa Nazeer labari. Shi ya zaɓi Juma'a, don ya san maigadin, Malam Muhammad Sani, ba ya fashin masallaci.

Fa'izu ya sa ƙarfe ya ɓalle kwaɗon ɗakin ajiya. Buhuna ne jibge, jar waya na leƙowa ta bakinsu.

"Kai, baaba, mun warke," ya ce yana dariya.

"Rufe baki ka ɗauka," in ji Nazeer.

Suka shiga jida. Ɗauka, gudu, jefawa a mota, dawowa. Gumi ya jiƙe rawanin Gidaɗo. Daga nesa lasifika ta fara huɗuba.

Sai suka ji tari.

Wani dattijo ne tsaye a bakin ɗakin, ya dogara da sanda, ƙafarsa ta hagu a kumbure an naɗe ta da tsumma. Malam Muhammad Sani. Ciwon ƙafa ya hana shi masallaci.

"Su wane ne nan?"

Nazeer ya daka tsalle ɗaya ya shaƙe shi, ya maka shi da bango. Sandar ta faɗi.

"Ka ce ba ya nan, tsohon banza," ya ce wa Gidaɗo ba tare da ya waiwaya ba.

Gidaɗo ya ɗauko igiya ya durƙusa zai ɗaure hannun maigadin, yana sauri, kansa a ƙasa. Malam Sani bai yi gardama ba. Kallon hannun da ke ɗaure shi kawai yake yi.

"Gidaɗo," ya ce a hankali. "Kai ne?"

Fa'izu ya ajiye buhun da ke kafaɗarsa.

"Ban san wani Gidaɗo ba."

"Ni na kashe injin ranar da ya kama hannun nan. Yaya ba zan san shi ba?"

Nazeer ya yi wani murmushi mara daɗi. Ya zaro bindigar.

"Oga, ba zai faɗa ba," in ji Gidaɗo. "Na san shi. Ka bar shi a ɗaure mu tafi."

"Ka san shi. Shi ma ya san ka. Kai kuma ka san gidana."

A daidai lokacin wata mota ta tsaya a babbar ƙofar masaƙar, can ɗaya gefen. Rabi'atu ce, autar marigayi Alhaji Ashafa. Ta ji yayyenta sun gama magana da masu yankan ƙarfe, ta ce sai ta ɗauki hoton injinan mahaifinta kafin a farfasa su. Ƙawarta Na'ima ta leƙa ta ga ciyawa da duhu, ta ce ita kam a mota za ta jira. Rabi'atu ta tura ƙaramar ƙofa ta shiga ita kaɗai, waya a hannu.

Ta bi ta tsakanin injinan tana ɗauka. Ta tsaya a gaban wani allo da aka rubuta dokokin aiki da jan fenti, ta shafa shi da yatsa. Ta ɗaga murya.

"Baba Sani? Baba Sani, kana ciki?"

Fa'izu ne ya fito mata ta bayan wani inji. Ya fizge wayar, ya damƙi mayafinta, ya ja ta har ɗakin ajiya ya hankaɗa ta ƙasa kusa da maigadin.

"Oga, ga ƙari."

"'Yar wace ce?"

"'Yar mai wajen ce," in ji Gidaɗo. Muryarsa ta canja. Ya matso ya tsaya a kanta. "Hoto kika zo ɗauka? Ki ɗauki wannan." Ya miƙa mata dungulmin hannunsa har ya kusa taɓa fuskarta. "Ubanki ya ci ƙarfinmu ya watsar da mu kamar ɓawon rake. Ku kuna can kuna shan sanyi, mu muna dakon ƙarfe da furfura."

Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ban san ka ba. Ina ƙarama aka rufe wajen nan. Ku ɗauki abin da za ku ɗauka, ku ƙyale Baba Sani, ba shi da lafiya."

"Kada ki ce min Baba."

"Gidaɗo, ka ji tsoron Allah," in ji Malam Sani. "Ni ma ba a sallame ni da komai ba. Ka gan ni a nan ina kwana da jemagu. Amma ban—"

Ƙarar bindigar Nazeer ta cika masaƙar. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya. Malam Sani ya zame jikin bango, bakinsa a buɗe, maganar ba ta ƙarasa ba.

Rabi'atu ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Surutu ya yi yawa," in ji Nazeer. "Fa'izu, juya mota. Tsoho, ɗauki buhun can. Wannan kuma da ita za mu tafi, 'yan'uwanta suna da abin fansa."

A waje, Na'ima ta ji ƙarar. Ta kwanta a kujerar mota, ta kira yayanta, shi kuma ya kira Sufeto Mikail, wanda ke tsare hanyar masallaci da yaransa ba nisa da wajen.

"Masaƙar da aka rufe?" in ji Sufeto. "Wa zai yi harbi a kango?" Ya saurara kaɗan, fuskarsa ta ɗaure. "Ku hau mota. Kada a kunna jiniya."

Gidaɗo na tsaye da buhu a kafaɗa, yana kallon jinin da ke gangarowa wajen takalminsa. Fa'izu ya wuce ta gefensa, ya rage murya.

"Tsoho, kai ma nan za a bar ka. Tun jiya ya faɗa min. Yanzu kuma sai a ce tsohon ma'aikaci ya zo ramuwa, suka kashe juna da maigadi. Ni dai na gaya maka."

Bai jira amsa ba ya fice da gudu. Suka ji ƙofar mota ta rufe, inji ya yi kuka, taya ta kankari ƙasa. Ba juyawa Fa'izu ya yi ba. Tafiya ya yi da kayan duka.

"Ɗan iska!" Nazeer ya ruga bakin katanga, ya dawo idonsa jajir. Ta babbar ƙofa kuma ana jin takun takalma masu nauyi. Ya finciko Rabi'atu, ya ɗora wa Gidaɗo bindiga a ƙeya. "Akwai wata hanya?"

"Akwai. Ta ɗakin rini, ta ɓulle bayan ganuwa."

"Wuce. In ka yi min wasa, kai ne na biyu."

Gidaɗo ya yar da buhun ya shige gaba. Ɗakin rini duhu ne, ga wari mai hawa kai. A tsakiyarsa akwai rami mai zurfi inda ruwan rini ke taruwa a da, an rufe shi da faranti na ƙarfe tun masaƙar na aiki. Ƙura ta rufe komai, ba ka bambance ƙarfe da siminti. Gidaɗo ya san shekarun da damina ta yi tana zuba a kan farantin nan.

Ya bi ta gefen bango. Da ya kai tsakiya sai ya juyo, ya cafki hannun Rabi'atu ya fizgo ta wajensa da dukan ƙarfinsa.

Nazeer ya yi taku biyu a gaba don ya ƙwato ta—

Farantin ya ɓurma.

Bindigar ta tashi sau ɗaya yana faɗawa. Gidaɗo ya ji kamar an soka masa ƙarfe mai zafi a cinya, ya zube. Daga ƙasa aka ji faɗuwa cikin ruwa mai kauri, sai zagi, sai kiran sunan Gidaɗo, sai tari. Gidaɗo na kwance a bakin ramin yana ji. Akwai tsani jingine a bango, hannunsa zai iya kaiwa. Bai miƙa ba.

Rabi'atu ta ƙwace hannunta ta ja da baya.

"Kada ki ɗauka don ke na yi," ya ce mata.

"Ban ɗauka ba," ta ce. "Kai ka kawo su."

Haka Sufeto Mikail ya same su.

Fa'izu bai yi nisa ba. Yana isa Ƙofar Mazugal aka sallame salla, jama'a suka cika titi. Ya yi ta danna ham, ya kutsa, ya banke wani mai lemo. Buhu ɗaya ya faɗo ya fashe, jar waya ta watse a kwalta. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi, an karya masa hannu da haƙarƙari, ido ɗaya kuma bai ƙara gani da shi ba. Nazeer sai da yamma aka zaro gawarsa da ƙugiya, ta yi baƙi ƙirin.

Bayan kwanaki Sufeto ya je asibiti ɗaukar jawabin Gidaɗo, wanda ke kwance da ankwa a jikin gado. Ya faɗi komai, bai ɓoye ba, bai kuma nemi sassauci ba. Sufeto ya gaya masa cewa masu yankan ƙarfe sun riga sun shiga masaƙar, an ce fili za a yanka a yi shaguna. Gidaɗo ya ɗaga kafaɗa.

Sufeto ya miƙe zai tafi, sai ya ji Gidaɗo ya yi magana.

"Yallaɓai, an yi jana'izar Malam Sani?"

"An yi. Tsofaffin ma'aikatanku ne suka ɗauke shi, har da waɗanda ba sa iya tafiya sosai."

"Iyalina fa? Larai ta je gaisuwa?"

Sufeto ya juyo ya dube shi.

"Ta je. Matar Malam Sani, Indo, ta fito ta tsaya a zaure, ta ce mata ta koma. A gaban mutane." Ya gyara hularsa. "Jiya Larai ta kwashe yaranku ta bar unguwar. Ba ta gaya wa kowa inda za ta ba."

Gidaɗo ya juya fuskarsa bango. Sufeto ya fita, ya ja ƙofa.