Wanda Ya Cinye Kan Manjo

Ta bayan labulen ɗakin girki na hango Kawu Ngosa, ɗan aiken saurayina, ya fito daga falonmu da farantan nan biyu a hammata, a rufe kamar yadda ya shigo da su. A Luanshya kowa ya san in ɗan aiken saurayi ya kawo faranti a rufe, aka buɗe aka riƙe, to an karɓi maganar aure. In kuwa ya koma da abinsa, sai dai a ba yarinya haƙuri.

"Mama... an mayar musu da farantin."

Mama tana tuƙa nshima, tuwon masararmu, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Na gani, Lombe. Yaƙin ubanki ne ya motsa."

"Wane irin yaƙi kuma?"

"Je ki tambaye shi. Ni tun ina amarya nake shan labarin, ya ishe ni."

Babana Chomba tsohon shugaban makarantar firamare ne, dattijo ne a coci, mutumin da kafin ya yi dariya sai ya duba ko akwai mai kallonsa. Na same shi zaune da gwangwanin biskit ɗin nan a cinya, wanda tun muna yara aka ce duk wanda ya taɓa zai ji a jikinsa. Mu duk mun ɗauka takardun gida ne a ciki. Da ya buɗe sai ga sojojin roba, koraye, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ga mai durƙuso da bindiga, ga mai rub da ciki, ga wani da rediyo a baya, duk launinsu ya koɗe. Ya jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, da irin lallaɓawar da ban taɓa ganin ya ɗauki jikokinsa da ita ba, sannan ya bar gurbi a gaban layin.

Ya ce shi ba shi da abin cewa a kan saurayina Kabaso. Yaro ne mai ladabi, ga sana'arsa ta gyaran wutar lantarki. Amma da Kawu Ngosa ya ambaci sunan uban yaron, Kapembwa na Mufulira, sai magana ta canza. Ashe tare suka tashi a gidajen ma'aikatan ma'adinai, katanga ɗaya. Kullum aka tashi daga makaranta sai su nufi tudun yashin da ke bayan gidajen, shi da korayen sojojinsa, Kapembwa da masu ruwan toka, su yi ta harbin juna da murfin kwalba. Wanda ya faɗi rub da ciki ya mutu, wanda ya faɗi rigingine an kama shi. A cikin rundunar Baba akwai wani da yake kira Manjo, wanda ya taɓa kwana kusa da murhun gawayi, hannunsa ya lanƙwashe ya tsaya a goshi, ya zama kullum cikin sara wa mutane yake. A yaƙinsu na ƙarshe Manjo ya faɗi rigingine, Kapembwa ya jefa shi a aljihu ya ce gobe a yi musayar fursuna. Gari ya waye babu Kapembwa, babu Manjo.

"Sama da shekara hamsin yana hannun abokan gaba," in ji Baba. "Ba a ɗaura aure ana tsakiyar yaƙi."

Sai na yi wautar fashewa da dariya. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya kwashe sojojinsa, ya rufe gwangwani. A nan na gane da gaske yake, dariyar ta koma ciki, hawaye ya fito a madadinta.

Da na kira Kabaso na ba shi labari, shi ma dariya ya yi har da tari.

"Haba sanyin idona, a kan wannan kike kuka? Gobe in sayo masa bataliya guda."

"Ba bataliya yake so ba. Guda ɗaya ne, mai hannu a goshi."

Sai dariyar ta ɗauke.

"Kabaso?"

"Na san shi... Yana cikin kabad ɗin gilashin Baba, tsakanin kofunan baƙi."

"To alhamdu, an gama! Ɗauko shi."

"Lombe, zuciyata... ba shi da kai."

"Ina kan ya tafi?"

"Lokacin ina fitar da haƙori ne."

Na zauna a bakin gado. Duk samarin ƙasar nan, na rasa wanda zan so sai wanda ya cinye kan Manjo.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen Gwaggo Mwila, ƙanwar Baba, wadda dama ta daɗe tana yi wa wani Chansa kamfen ɗin aurena. Chansa yana da motocin haya, yana da tumbi, kuma yana da tabbacin cewa duk macen da ta ce masa a'a kunya ce ke damunta. Sai ga shi da yamma da bokiti cike da sababbin sojojin roba, har da tankoki da jirgin sama, ya dire a gaban Baba yana washe baki. Baba ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya sunsuna, ya ce waɗannan ba su da fuska, kuma da gani ba su taɓa kwana a filin daga ba. Duk da haka ya yi godiya, har ya sa aka kawo wa Chansa munkoyo, abin shanmu na gargajiya, mai sanyi. Wannan kofin munkoyon ya tsaya min a rai, don ko ruwa ba a ba Kawu Ngosa ba.

Tsoro shi ya ba ni muguwar shawara. Na saci soja ɗaya daga bokitin, Kabaso ya sato Manjo daga kabad ɗin babansa, muka haɗu a shagonsa da reza da gam. Shi yana yanke kan sabon sojan, ni ina riƙe da fitila kamar ma'aikaciyar jinya. Matsalar ita ce sojojin yanzu sun fi na da ƙiba, korensu kuma ya fi haske. Da muka gama, Manjo ya fito da ƙaton kai mai sheƙi a kan tsohon jiki. Kabaso ya ce in Baba bai sa tabarau ba za mu sha. Ni kuwa na manta Gwaggo Mwila tana bakin taga lokacin da muke shirya abin a waya.

Ranar da Kawu Ngosa ya kawo Manjo a naɗe cikin hankici, Chansa yana zaune a falon, wai gaisuwa ya zo. Baba ya sa tabarau, ya ƙara da gilashin duba ƙananan rubutu. Ya ga hannun nan a goshi, ya ƙura masa ido. Sai Chansa ya yi gyaran murya ya ce shi dai ya ji ƙishin-ƙishin cewa an yi wa fursunan aiki a wuya. Baba ya sa farce ya ɗan taɓa, kai ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kujera.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya naɗe gangar jikin ya miƙa wa Kawu Ngosa, ya ce a mayar wa wanda ya kama shi, shi ba ya karɓar fursuna ta ƙofar baya. Ya ce wanda ya bar filin daga shi ke dawo da fursuna da ƙafarsa, haka dokar take. Sannan ya dube ni ya ce kada ya ƙara jin sunan yaron nan a gidansa.

Na kwana biyu ba na cin abinci. Mama ta shigo da kwanon kapenta, ƙananan kifin nan, ta ajiye, ta zauna tana tsince min kitso. Ta ce kada in ɗauka robar ce ke cin ubana. Mahaifin Kapembwa ya ji rauni a ramin haƙar ma'adinai, aka sallame shi daga aiki, gidan kuma na kamfani ne, dole suka kwashe kaya da asuba a bayan wata babbar mota. Babana ya je da gwangwaninsa ya tarar da ƙofa a buɗe, ɗaki wayam. Kakata ta ce ya daɗe yana zuwa ya zauna a bakin ƙofar, kuma daga ranar bai sake yin aboki ba.

"Sallamar da ba a yi masa ba ce," in ji Mama. "Amma namiji ya gwammace ya ce soja aka sace masa."

Washegari na yi abin da budurwa mai kunya ba ta yi. Na hau motar Mufulira na je gidan surukan da ba su zama surukaina ba, na durƙusa a gaban Baba Kapembwa. Tafiyar ko awa biyu ba ta kai ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na tarar da dogon tsoho mai sanda, ya mayar da Manjo tsakanin kofuna, ya kuma sa wa kabad ɗin kwaɗo. Na roƙe shi ya kai shi da kansa. Ya ce Allah ya kiyaye, tun da aka fara yaƙi a duniya wanda aka kama wa soja ke zuwa fansar sojansa, Chomba ya san dokar sarai. Ya juya yana kallon gilashin kabad ɗin.

"'Yata, da gangan na tafi da shi. An tashe mu da duhu, ba a bar ni na ƙwanƙwasa musu ƙofa ba. Na ce in Manjo yana wurina, dole Chomba ya nemo ni."

Na fito ina share hawaye ina kuma jin kamar in haɗa kawunan tsofaffin nan biyu in gwara. Kowa ya zauna yana jiran kowa, ni ce zan tsufa a gida.

A motar dawowa na yanke shawara. Na ce wa Baba, Kapembwa ya yarda ya miƙa wuya, amma a tsohon filin daga. Kabaso ya ce wa nasa uban, Chomba ya sauko, zai zo fansa a tsohon filin daga. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma Mama da kanta ta goge wa Baba kwat ɗin da zai sa.

Tudun yashin nan yanzu wurin wankin mota ne. Tsofaffi biyu cikin kwat da taye suka tsaya suna kallon juna, ruwan kumfa yana bi ta tsakanin takalmansu.

"Ka tsufa, Chomba."

"Kai kuma ka yi sanƙo. Ina jin ka, miƙa wuyan."

"Ni? An ce min kai ka zo roƙo."

Suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Kabaso, jarumina, ya koma bayan wata motar haya. Na durƙusa a jiƙaƙƙen siminti.

"Ni na yi ƙaryar, Baba. Ku hukunta ni. Amma ga shi nan, ga ka nan, babu wanda ya je gidan wani. Ina son Kabaso, kuma na gaji da biyan bashin sallamar da ban san lokacin da aka fasa ta ba."

Can Baba Kapembwa ya sa hannu a aljihu, na ɗauka Manjo zai fito da shi, sai ga murfin kwalba. Baba ya dube shi, ya sa hannu a nasa aljihun, shi ma sai ga murfi. Ashe gwangwanin ma yana cikin jakar da ya ce Littafi Mai Tsarki ne a ciki, sojoji masu ruwan toka kuma suna aljihun kwat ɗin Baba Kapembwa. Mama ta kwance zanen da ta yafa ta shimfiɗa musu a busasshen gefe. Sai da muka kama su kafin su iya durƙusawa, gwiwoyi suna ƙara. Masu wankin mota suka ajiye soso suka kewaye su. Tsofaffin nan suka yi ta harbi suna bushe-bushen baki irin na bindiga, suna musu a kan wanda ya faɗi a karkace ko ya mutu ko an kama shi. A ranar na fara ganin dasashin babana, kuma bai duba ko akwai mai kallo ba.

Da suka gaji, Baba Kapembwa ya ciro Manjo ya ɗora a tafin Baba. Ya ce da ƙaramar murya, ya so ya ƙwanƙwasa ƙofar. Baba ya ce ya sani. Ya daɗe yana shafa guntun wuyan da babban yatsa, inda sawun ƙananan haƙora ya fito sarai.

"Ina mai laifin?"

Kabaso ya fito daga bayan motar ya durƙusa.

"Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Baba ya leƙa, ya dubi wuyan Manjo, ya sake leƙawa.

"Shi ne," in ji shi. "A al'adarmu suruki ba ya cin komai na gidan surukansa sai an yi biki an ba shi izini. Wannan tun yana rarrafe ya ci. To yaya zan yi da shi? Ya riga ya zama ɗan gida. A gaya wa Ngosa ya dawo da kayansa."

Mama ta rangaɗa guɗa, masu wankin mota suka hau tafi. Kabaso ya raɗa min cewa da ya san haka abin yake da tun tuni ya cinye sauran jikin, na taka masa ƙafa ina kuka ina dariya.

Muka ɗaga tsofaffin, muka karkaɗe musu wanduna. Baba ya buɗe gwangwani zai sa Manjo cikin 'yan uwansa, sai ya tsaya. Ya rufe, ya kama hannun Baba Kapembwa ya danƙa masa shi.

"Riƙe min shi tukuna," ya ce, yana kallon wani wajen. "Ranar Asabar zan zo karɓa. In ka ga na manta na baro shi, kada ka tuna min."