Rabin Awa Babu Inji

Kwanan Malam Laminu goma sha biyu inji na yi masa numfashi a ɗakin masu ciwo mai tsanani. Likita ya umarci Dokas, nas ɗin da ke aikin dare, ta cire masa injin na rabin awa, a gani ko huhunsa zai iya shi kaɗai.

Ta cire, ta kashe injin, ta zuba wa ƙirjinsa ido tana ƙirgawa. Sha shida a minti ɗaya, lafiya lau. Har ta fara murmushi, sai ƙamshin turaren wuta ya danne warin magani. Ta ɗaga kai, ga wata tsohuwa cikin lafaya a zaune daf da kansa.

"Mama, ai ba a shigowa nan. Wa ya buɗe miki?"

Tsohuwar ta ci gaba da kallon fuskar Malam Laminu.

A nan Dokas ta lura har yanzu tana jin hucin nan na inji, fuu, fuu, alhali da hannunta ta kashe shi. Ta kasa kunne. Daga bakin tsohuwar yake fitowa. Duk sanda ta hura iska, sai ƙirjin Malam Laminu ya ɗaga.

Tsohuwar ta juyo za ta yi magana. Nan take ƙirjin ya tsaya cak, ƙararrawa ta ɗau ƙara.

"Maza ki mayar masa da injinku, 'yata. Na gaji. Shekara tara rabona da numfashi."