Wanda Ake Kira Damisa

Ranar Talata da safe Monica ta zo buɗe shagonta na intanet kusa da kasuwar Zuru, ta tarar da gawar Abel, wani mai yawan zuwa shagon, a baya, gefen janareta, an fasa masa kai. Ta kira 'yan sanda, Sufeto Jabiru ya iso.

"Me ke kawo shi nan?" in ji Sufeto.

"Karta, yallaɓai, ta intanet. Kuɗin ba su da yawa, amma kusan kullum shi ke ci. Shi ne ma ke duba mini janareta in ya mutu." Ta leƙa waje. "Yayyensa biyu sojoji ne. In suka ji a shagona ne, na shiga uku."

A aljihun mamacin Sufeto ya samu ɗan littafi, inda Abel ke rubuta halin abokan wasansa. Wani shafi ya ce: "Damisa bai iya ba. Ba ya janyewa ko hannunsa ba komai. Kada in yi masa burga. In na samu karta mai kyau, in zuba da yawa, zai biyo. Saniyar tatsa ce."

Aka kira Solomon, wani tela da ke zama kusa da Abel a shagon.

"Ni ban san karta ba, yallaɓai. Saƙo nake zuwa aikawa."

Sufeto ya sa Monica ta kunna kwamfutar da Solomon ya saba hawa. Shafin kartar ya buɗe da sunan wanda ya shiga ƙarshe: Damisa.

Solomon ya zauna a ƙasa.

"Wata uku ina zaton wani Bature ke cinye ni. Jiya da yamma Abel ya fita duba janareta, ya bar littafin kan tebur, na karanta. Shi fa ya koya mini wasan! Shi ya ce namiji ba ya janyewa!"

"Sai ka bi shi."

"Tambayarsa kawai na je yi. Ya fizge littafin yana dariya. Ga sifanar gyaran janareta a wurin. Sau ɗaya na buga masa, sau ɗaya."

A waje baburan dangin Abel suka fara tsayawa, hayaniya na ƙaruwa. Solomon ya miƙa hannuwansa da kansa aka sa ankwa.

"Don Allah, yallaɓai, kada ka fitar da ni ta gaba."

Sufeto ya kama kafaɗarsa, suka bi ta baya zuwa mota.