Suna Biyu a Dutsen Rahama

"Hannun wa ne wanga, in ba naka ba?"

Safiyyatu ta tura wayar har ta kusa taɓa masa hanci. Almustapha bai ma samu zama ba, lakar hanyar garinsu Kebbe na nan har gwiwar wandonsa.

"Nawa ne, Safiyya."

"To, madalla da malamin ziyara."

Hoton nan babu wayar mace a Tambuwal da bai shiga ba, ni ma an turo mini har na gaji da gogewa. Ga Almustapha a duƙe kan Dutsen Rahama na Arfa, hannunsa a jikin dutse, ga rubutu ɓaro-ɓaro da baƙin alƙalami: Almustapha da Ikram.

Shi dai yaron karatu yake yi a Makka, kuma shi ke zagayawa da masu umararmu ziyara. Ya kai su Hira, ya kai su Saur, ya kai su Arfa. Kafin a sauka daga mota sai ya ja musu kunne: ana cewa a dutsen nan Annabi Adamu da Hauwa'u suka haɗu, amma rubuta sunan masoya a jikinsa ba shi da asali, kada kowa ya yi.

Malam Atiku, mahaifin Safiyyatu, ya daɗe yana jan ƙafa, wai Almustapha ɗan makiyaya ne. Tsantsenin yaron ne ya sauko da shi, har aka ce gobe bayan Juma'a za a sa rana. Da hoto ya iso, sai ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai wa'azi a mota ya saɓa a kan dutse ba.

A kusurwar falon kuwa Gwaggo Sharifa ce zaune, ƙanwar Malam, uwar ita Ikram ɗin. Ba ta daɗe da dawowa umara ba, tana jan carbi, sabon haƙorin Makka na leƙowa. Wai ta zo rarrashin 'yar wanta.

Almustapha ya rantse ba shi ya rubuta ba, gogewa yake yi aka ɗauke shi.

"To wa yar rubuta?" in ji Safiyyatu.

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Faɗi!"

Ya ƙi. Ya ce mai jagorar ziyara kunnensa rijiya ce. Tsofaffi na kuka a gabansa, suna roƙon Allah abin da ko 'ya'yansu ba su sani ba, wasu kuma su yi kuskure a idonsa. In ya fara kwaso abin da ya gani yana zubewa a Tambuwal, wa zai sake bin sa?

"Au, amanar baƙi ta fi hawayena?" in ji Safiyyatu. "Na daina fita ko ƙofar gida. Ƙawayena dariya suka yi mini, Ikram ta wuce ni tana taunar cingam... Kai kuwa kana nan kana gadin rijiya."

"Hasken idona, ki saurare ni..."

"Kashe hasken. Suna nika so."

Gwaggo ta yi gyaran murya, ta ce ai namiji ba ɗan goyo ba ne, Safiyya ta haƙura, abin da aka rubuta a wuri mai tsarki ya rubutu. Ita dai ciwon gwiwa bai bar ta ta hau ba, a mota ta zauna, wata ce ta turo mata hoton.

Almustapha ya ɗago ya dube ta, ya mayar da idonsa kan Safiyyatu.

"Bai rubutu ba. Ban bar ko ɗigo ba. Na sa ruwa na wanke shi da mutunci."

Carbin ya tsaya.

"Da mutunci?" Gwaggo ta miƙe, gwiwar ta warke. "Maƙaryaci. Da ya ƙi fita da ruwa, ba takalminka kac cire ba? Sunan ɗiyata, da nir rarrafa na hau dutse saboda shi, ka sa silifa kana gurzawa kamar kashin kaji, ina tsaye ina ce maka bari..."

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Safiyyatu ta juyo a hankali.

"Gwaggo, ba a mota kika zauna ba?"

Labulen ɗakin karatu ya motsa. Ashe Malam Atiku na ciki tun farko, littafi a hannu, kunne a falo. Bai dubi ƙanwarsa ba. Ya ce wa Almustapha ya koma da sauran rana, ya gaya wa magabatansa su yi sammako gobe, hanyar Kebbe ba ta da kyau.

Safiyyatu ta share ido da bakin mayafi, ta harari Almustapha.

"Ban yafe ba fa. Bar ni da kuka kay yi."

"Na ɗauka, ranki shi daɗe."

Gwaggo ta finciki jakarta, ta ce kada wanda ya kai mata goro, in an kai akuya za ta ba. Ta fice ta banko ƙofar, har agogon bango ya karkace.